Tiremolo na tsohuwar amfilifaya mai bawul: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai Jitar Hagu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi amfilifayar jita Fender Deluxe Reverb a gwanjo, irin mai farar fuskar nan da aka fara yi a 1968. Sauti lafiya lau, amma tiremolo, wato abin da ke sa sauti rawa, ko motsi. Na murɗa Speed da Intensity har ƙarshe, muryar jita tana nan a miƙe, ba ta yin sama da ƙasan nan. Duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya taimaka.

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Yaro, tukuna kada ka kwance komai. An haɗa maka da makunnin ƙafa? Deluxe Reverb, Twin Reverb da Super Reverb na wancan zamani ba sa kunna tiremolo sai an haɗe ramin bayan nan da aka rubuta Vibrato Pedal. In babu makunnin, nemi kan wayar RCA, ka liƙe tsinken tsakiya da jikinsa da dalma, ka cusa. Kuma jitar ta shiga ɓangaren Vibrato, don na Normal ba ruwansa da tiremolo. An sha kawo min irinta shago ana cewa ta mutu, alhali wannan ne kawai.

Mai Jitar Hagu: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba a ba ni makunni ba. Na liƙe RCA ɗin, ta tashi! Sai dai yanzu tana wani tik-tik-tik a lasifika, yana bin saurin Speed, ko ban taɓa jita ba.

Injiniyan Sabon Gari: Wannan tik-tik tsohon ciwo ne na gidan Fender, tawa Twin ɗin ta yi min shi. A cikinta akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa huɗu, masu gyara na kiransa kyankyaso. Ƙaramin ƙwan niyon ne aka naɗe tare da rizista mai jin haske. Bawul (kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti) na biyar daga dama, in kana kallon bayanta, wato 12AX7, shi ke sa ƙwan yana ƙiftawa. Duk ƙiftawa sai rizistar ta zubar da wani kaso na sauti. Lokacin da ƙwan ya kama yana yin wani ɗan tsalle na wuta, shi ne wayoyin kusa ke kwasa su kai lasifika.

Ni da tsinken katako na fara. Amfilifaya a kunne, na riƙa ture wayoyin bawul na biyar nesa da waɗanda ke zuwa wajen Volume da Treble, ina saurare. Ƙarar ta ragu sosai. Sauran kuma sai da na sa kafasita .01 mai ɗaukar bolt 600 daga inda rizista 10M ta haɗu da kyankyason zuwa jikin ƙarfe. Fender da kansu sun ba masu gyaransu wannan shawarar.

Amma don Allah, in ba ka saba ba kai wa mai gyara. Akwai bolt sama da 400 a ciki, kuma manyan kafasitocin suna iya riƙe wuta bayan an zare soket.

Hajiyar Situdiyo: Malam Injiniya, mu namu bai ji wannan maganin ba. Ta situdiyonmu da damina kawai take yi, da rani shiru. Mai gyaranmu ya ce baƙin allon da kayan ke zaune a kai yana shan laima har wuta ta riƙa ratsa shi. Ya goge shi da sifirit, ya busar da na'urar busar da gashi, ƙarar ta tafi. Tun daga nan ba ma ajiye ta a ƙasa kusa da bango.

Ɗan Agadas: Jama'a ku yi hattara, ba kowace Fender ke da kyankyaso ba. Tawa Princeton Reverb ce, ita bayas ɗin manyan bawul biyu 6V6, wato saitin yawan wutar da ke ratsa su, take jijjigawa, kuma ba ta buƙatar makunnin ƙafa kafin ta yi. Na sa sababbin bawul, wani mai gyara ya ƙara musu zafin bayas wai don sauti ya yi kauri. Kauri ya yi, amma tiremolo ya zama kamar babu. Ya dage sai an sauya kyankyaso, na ce buɗe ka nuna min shi. Da ya sauya rizistar bayas ya ɗan sanyaya su, rawar ta dawo da zurfinta. Gaskiya ni a kunnena irin wannan ya fi na kyankyaso laushi, ya fi dacewa da kiɗanmu.

Baba Mai Rediyo: Ɗana ka yi gaskiya. Ƙari a kan haka, in tiremolo yana yi da an murɗa Speed sama, ya mutu da an rage, yawanci bawul ne ya gaji, ko kafasita mai lamba 25 ta ƙafarsa ta bushe. Ari bawul na farko, na ɓangaren Normal, ka gwada, iri ɗaya ne. In bai yi ba, sai a duba kafasitoci uku na tiremolon, .02 ɗaya da .01 biyu. Masu son rawar ta yi sanyi-sanyi suna mayar da .01 ɗaya zuwa .02.

Ɗan Agadas: Baba, akwai kuma ta wuta. Tawa ta Amurka ce, bolt 120 take so, muna bi da ita ta tiransifoma daga 230. A wajen biki, da janareta ya ɗauki kaya da yawa, tiremolo ne ke fara tsayawa tun sauti bai nuna komai ba. Yanzu sitabilaiza nake sawa kafin tiransifomar.

Mai Jitar Hagu: Na gode ƙwarai. Mai gyara ya matsar da wayoyin, tik-tik ya ragu amma bai ɗauke ba in Intensity ya wuce 7. Kafasitar da ya samu a kasuwa ta bolt 400 ce. Oga Injiniya, a sa ta haka?

Injiniyan Sabon Gari: A'a, kada ya sa. Ya nemi mai 600 ko 630, masu sayar da kayan gyaran talabijin ba sa rasa ta.