Umarnin file yana ɗaukar takardun docx a matsayin zip, ya zan bambanta su?

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan abin nan ya tsaya min a wuya.

Na rubuta ɗan sikirif na bash a Ubuntu 22.04 da zai raba fayilolin da ake turo mana zuwa folda-folda: hotuna daban, PDF daban, takardun Word (docx) daban. Da farko ƙarshen suna nake dubawa da `case "$f" in *.docx)`. Hakan bai kai ni ko'ina ba, don wasu fayilolin suna zuwa ba ƙarshen suna ko kaɗan, wani kuma sunansa .jpg alhali PNG ne a ciki.

Sai na koma `file -b --mime-type "$f"`, wato umarnin da ke gane nau'in fayil daga abin da ke cikinsa. Hotuna da PDF sun daidaita. Matsalar tana wajen docx: wasu suna fitowa daidai, wasu kuma `application/zip` kawai suke bayarwa, sai su faɗa foldar zip, alhali LibreOffice yana buɗe su lafiya ƙalau.

Na leƙa da `head -c 4 "$f" | xxd`, docx ɗin da ke fitowa daidai da waɗanda ke ba da `application/zip` duka `504b 0304` suka nuna, wato alamar PK da fayil ɗin zip ke farawa da ita, tunda docx ɗin ma zip ne asalinsa. Yanzu dai `unzip -l "$f" | grep word/document.xml` nake lallaɓawa da shi. Yana aiki, amma a kan fayil dubu huɗu yana jan ƙafa, kuma ga xlsx (Excel) da pptx (PowerPoint) na nan tafe.

Akwai hanyar da ta fi wannan ta gane docx daga zip zalla a bash, ba tare da dogaro da suna ba?

Na gode.