Muhawara: Shin masu zanen bangon Mekziko ne suka maido wa 'yan asalin ƙasar martabarsu?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ra'ayin da na kawo a yau shi ne cewa masu zanen bango na Mekziko, wato Diego Rivera da José Clemente Orozco da David Alfaro Siqueiros, su ne suka maido wa 'yan asalin ƙasar martabar da Turawan Sifaniya suka ƙwace. Tun da birnin Tenochtitlan, hedkwatar daular Aztek, ya faɗa hannun jagoran mayaƙan Sifaniya Hernán Cortés a 1521, aka shafe shekaru kusan ɗari huɗu ana cusa wa mutanen nan raina abin da kakanninsu suka bari, har wani limamin Katolika, Diego de Landa, ya tara littattafan al'ummar Maya ya cinna musu wuta a garin Maní a 1562, kuma a yau guda huɗu kacal suka rage daga irin waɗannan littattafai. Bayan juyin juya halin da ya ɓarke a 1910, ministan ilimi José Vasconcelos ya miƙa wa masu zane bangayen gine-ginen gwamnati. A fadar gwamnati da ke tsakiyar birnin Mekziko, inda Rivera ya fara aiki a 1929, akwai zanen kasuwar Tlatelolco: ga masu sayar da masara da tukwane da tabarmi, ga birnin a bayansu shimfiɗe cikin tafki da hanyoyinsa da wuraren ibadarsa. A lokacin da mafi yawan jama'a ba su iya karatu ba, talaka ya ɗaga kai ya ga mai kama da shi a bangon fada, kuma ni ban san wata makaranta da ta kai wannan tasiri ba.

Hajiya Rakiya: Wa'alaikumus salam. Malam Habibu, ban yi jayayya da kyawun aikin ba, amma ina so a duba wanda ya biya kuɗinsa da abin da yake nema. Manufar Vasconcelos ita ce a narkar da kowace ƙabila cikin al'umma ɗaya mai gauraye jini mai magana da Sifaniyanci, kuma makarantun ƙauye na wancan zamani a kan wannan turba aka ɗora su. Saboda haka gwamnatin da ke ɗaukaka Aztek na shekaru ɗari huɗu da suka wuce a jikin bango, ita ce ke raba jikokinsu masu rai da harshensu a cikin aji. Bayan haka, Mekziko tana da harsunan asali 68, kuma Maya da Zapotek da Mixe da Otomí ba Aztek ba ne, ballantana mutanen Tlaxcala waɗanda suka mara wa Cortés baya saboda tsohuwar gabar da ke tsakaninsu da Aztek. Da aka mayar da Tenochtitlan fuskar ƙasa baki ɗaya, sai sauran suka koma 'yan rakiya a cikin tarihinsu.

Sagir: Hajiya ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Frida Kahlo, matar Rivera, ta yi suna a duniya da shigar matan Zapotek na yankin Tehuantepec, amma mutum nawa ne ya san sunan ko da mace ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗinka irin waɗannan riguna? Abin bai tsaya a zamaninta ba. A 2015 mutanen Santa María Tlahuitoltepec, wani garin Mixe a tsaunukan Oaxaca, suka fito suka zargi wata mai tsara tufafi ta Faransa, Isabel Marant, da kwaikwayon rigar matansu, farar riga mai aikin ja da baƙin zare a ƙirji da hannuwa, ba tare da ta ambaci garin ba. A Gwatemala kuma mata masaƙa na Maya sun kai ƙara kotun tsarin mulki a 2016 suna neman a amince cewa zanen saƙarsu mallakar al'ummarsu ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Dakta Aminu: Ni tawa matsalar da tushen da'awar take, domin tana nuna kamar fasahar 'yan ƙasa ta mutu a 1521 sai da Rivera ya zo ya tashe ta, alhali hannunsu bai taɓa barin aiki ba. Babban kundin nan mai juzu'i 12 da aka kammala wajejen 1577, wanda ke ajiye a birnin Florence na Italiya, sunan limami Bernardino de Sahagún ake laƙaba masa, amma malamai da masu zane na Nahuwa, wato al'ummar da Aztek ke cikinta, su ne suka rubuta shi da harshensu suka kuma yi masa zane fiye da 2,000, ciki har da labarin yaƙin Cortés kamar yadda waɗanda aka ci suka gan shi, da mutane kwance jikinsu duk ƙurajen agana.

Misalin da ya fi gamsar da ni kuwa na kusa ne. Nahuwa na gaɓar kogin Balsas a jihar Guerrero suna zane a kan takardar ɓawon itace wadda Otomí na garin San Pablito ke yi, ta hanyar dafa ɓawon sannan a daddaka shi da dutse har ya baje ya zama shafi. Da gwamnati ta shirya gina madatsar ruwa ta San Juan Tetelcingo, wadda za ta nutsar da garuruwansu da gonakinsu, sai masu zanen suka mayar da wannan takarda makamin koke, suka zana barazanar da gwagwarmayarsu a kanta, kuma a 1992 aka janye aikin. Ba zane kaɗai ya ci wannan nasara ba, domin sun yi tattaki sun tare hanyoyi, amma a nan mai zanen da wanda aka zana mutum ɗaya ne.

Malam Habibu: Dakta, misalinka yana da ƙarfi, sai dai ina ganin ni yake taimakawa. Zane a kan takardar ɓawon nan ya bunƙasa ne a wajejen shekarun 1960, lokacin da 'yan birni da baƙi suka fara sha'awar kayan gargajiya, kuma wannan sha'awa ba daga sama ta faɗo ba, masu zanen bango ne suka share mata fage. Haka nan 'yan asalin Mekziko mazauna Amurka, da suka mamaye wani fili a ƙarƙashin gada a San Diego a 1970 suka mayar da shi wurin shaƙatawa, ginshiƙan gadar suka cika da zanen Aztek da Maya bisa salon da suka gada daga su Siqueiros. Ko 'yan tawayen Zapatista na Chiapas, waɗanda suka ɗauki makamai ranar 1 ga Janairun 1994, da zanen bango suke ƙawata makarantunsu da ɗakunan shan magani.

Hajiya Rakiya: Tunda Malam ya kawo Chiapas, sai mu ƙarasa labarin. A watan Afrilun 1998 mutanen ƙauyen Taniperla, waɗanda Maya ne masu magana da Tzeltal, suka kammala wani zane a bangon ɗakin taronsu, wanda suka tsara tare suna nuna rayuwar kwarinsu da hoton Emiliano Zapata, jagoran manoma a juyin juya halin 1910. Washegarin bikin buɗe shi jami'an tsaro suka shiga ƙauyen, aka lalata zanen, aka kama malamin jami'ar da ya jagoranci aikin. Daga hotunansa ne aka riƙa sake zana shi a wasu birane, har da San Francisco. Ƙasar da ke kai baƙi kallon bangon Rivera ba ta bar bangon Taniperla ya yi kwana biyu ba, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne wanda ya zaɓi abin da za a zana.

Malama Zainab: Ina so in ja hankalin Hajiya da Sagir kada mu raba mutane gida biyu, gwamnati a can 'yan ƙasa a nan, kamar ba a cuɗanya. Francisco Toledo, wanda ya rasu a 2019, ɗan Zapotek ne mai tushe a Juchitán, amma ya yi karatu a birnin Mekziko, ya zauna a Faris, sannan ya dawo ya kafa cibiyar zane da ɗakin karatu a Oaxaca a 1988. A 2002 shi ne ya jagoranci hana buɗe gidan abincin nan na Amurka, McDonald's, a dandalin tsakiyar birnin, inda aka riƙa raba wa jama'a abincin gargajiya na masara kyauta. Mutum irin wannan ya amfana da makarantun da juyin juya hali ya haifar, kuma bai zama ɗan amshin shatan kowa ba. Shin a wane ɓangare za mu sa shi?

Sagir: Malama, a ɓangarenmu yake, domin da kuɗinsa da sunansa ya buɗe wa yaran Oaxaca ƙofa, har ya ɗauki nauyin buga littattafai da harshen Zapotek. Kuma rigimar ba ta kwanta ba. Bayan an sauke mutum-mutumin Columbus, Baturen da ya buɗe wa Sifaniya hanyar nahiyar Amurka, daga shataletalen titin Reforma a 2020, hukumomin birnin Mekziko sun sanar da cewa za a maye gurbinsa da siffar mace 'yar asalin ƙasa, amma suka ba wani namiji wanda ba ɗan ƙabilun ba ne, Pedro Reyes, aikin sassaƙawa. Mata masu fasaha da marubuta suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, kuma a 2021 aka janye aikin daga hannunsa.

Malam Habibu: Na ji, amma har yanzu ina kan bakana a kan abu ɗaya, wato cewa ba don an shafe shekaru ana nuna wa 'yan Mekziko fuskar kakanninsu a bango ba, da babu wanda zai yi tunanin sauke Columbus tun farko. Dokar da ƙasar ta kafa a 2022 don kare gadon al'adun 'yan asali daga masu kwaikwayo ma daga wannan gwamnatin da Hajiya ke suka ta fito. Abin da nake so Dakta ya fayyace mana shi ne ko irin wannan doka tana iya kama kamfanin da ke Faris ko New York, tunda ikonta bai wuce iyakar Mekziko ba.