Neman shawara: ƙwayoyin halitta sun ƙi jeruwa a kan wayoyin zinare

Ɗalibar bincike:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da matsala a aikin digirina na biyu, ina roƙon a duba mini. So nake in jera ƙwayoyin fibroblast, wato ƙwayoyin da ke samar da naman da ke haɗa sassan jiki, layi-layi a kan gilashi da ƙarfin lantarki, ta hanyar da ake kira DEP (dielectrophoresis), wato ja ko ture ƙwaya da filin lantarki, don in ga yadda suke girma idan an tsara musu zama. Gilashin yana da siraran wayoyin zinare masu shiga tsakanin juna, tazararsu maikuromita 50. Ƙwayoyin suna cikin ruwan renonsu na yau da kullum. Ina ba su wuta mai kai-komo ta bolt 10 daga ƙoli zuwa ƙoli, wato daga saman igiyar siginar zuwa ƙasanta.

Da na kunna, maimakon su tafi bakin wayoyin, sai su riƙa yin sama suna kewaye. Idan na sauke firikwensi zuwa wajen kilohaz 1, kumfa ke tasowa, bakin zinaren ya fara cinyewa. Bayan gwaji kuma, da na zuba trypan blue, shuɗin rinin da ke shiga ƙwayar da fatarta ta huje, da yawansu sun rine, wato sun mutu. Wani abokin aiki ya ce ƙarfin ne bai isa ba, in kai shi bolt 20. Gilasan da suka rage mini kaɗan ne. In ƙara ɗin, ko akwai abin da ban gani ba?

Injiniyan lantarki:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki ƙara ko bolt ɗaya tukuna. Ruwan ne matsalarki.

DEP ba ya jan ƙwaya saboda cajinta. Filin lantarki yana raba cajin da ke jikinta zuwa ɓangare biyu, kuma da yake filin ya fi ƙarfi a bakin waya fiye da tsakiya, jan da ake yi wa ɓangarorin ba ya zuwa daidai, sai ƙwayar ta motsa. Inda za ta nufa kuwa ya dogara ne a kan wanda ya fi amsa wa filin, ita ko ruwan da take ciki. In ita ta fi, ta tafi bakin waya. In ruwan ya fi, a ture ta zuwa inda filin ya fi rauni. Ruwan reno cike yake da gishiri, yana wuce da lantarki wajen simens 1.5 a kowace mita, ya fi cikin ƙwayar kanta. Saboda haka duk firikwensin da kika zaɓa, turewa za ki gani. Yin saman da kika ce suna yi, shi ke nan.

Kewayen kuma zafi ne. Zafin da ke tashi a ruwan yana bin yawan gishirinsa, kuma idan kin ninka bolt sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa. Wurin da ya ɗumama ya bambanta da na kusa da shi, filin ya tura ruwan, ruwan ya kwashi ƙwayoyin. Bolt 20 zai ƙara tsananta miki wannan kewayen ne kawai.

Abin da aka saba yi: a wanke ƙwayoyin a zuba su a ruwan sukuros kashi 8.5 cikin ɗari da gulukos kashi 0.3. Sukarin yana hana su kumbura ko motsewa, amma ba ya ɗaukar wuta. Ki auna yadda ruwan yake wuce da lantarki, ki nemi wajen simens 0.01 zuwa 0.02 a kowace mita. Wankewa ɗaya ba ta fitar da gishirin duka, ki maimaita. Sannan ki fara daga megahaz 1 da bolt kaɗan.

Mai gyaran na'urorin ɗakin gwaji:
Kafin komai, ki haɗa janaretan siginar da osiloskof ki duba ko igiyar tana zaune daidai a kan sifili. In akwai ɗan karkata zuwa gefe guda, wutar tana raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin ko da firikwensin na sama ne, zinaren ya tafi. Ki sa kafasita, 'yar na'urar da ke barin wuta mai kai-komo kaɗai ta wuce, a kan layin ta tare wannan. Kilohaz 1 a ruwan gishiri kuma, ki bar shi gaba ɗaya.

Malamar ilmin ƙwayoyin halitta:
Na yarda da Injiniya a kan dalilin, amma maganin nasa yana da tsada a wajen ƙwayoyin, kuma ya kamata 'yata ta sani tun yanzu. Ruwan sukuros ba gida ba ne. Babu kalsiyam, babu maganiziyam, kuma da su ne ƙwaya take kama ƙasa ta manne. Za ki ga layukanki sun fito tsaf a maikuroskof, ki ji daɗi, ki kashe wutar, ki zo canza ruwa, duk su watse. Kuma in sun daɗe a ciki, gishirin jikinsu yana yoyowa waje, ruwan ya canza, su ma su galabaita. Aikin mintuna ne, ba na awoyi ba.

Akwai kuma lissafin da nake so ki yi da kanki. Bolt 10 ƙoli zuwa ƙoli yana nufin bolt 5 a ƙoli. A raba da maikuromita 50, kin sami bolt 100,000 a kowace mita. A ƙananan firikwensi, abin da ke sauka a kan fatar ƙwaya shi ne 1.5 sau ƙarfin filin sau rabin faɗinta. Ga ƙwayar da rabin faɗinta maikuromita 7 ne, kusan bolt 1 ke nan. Daga rabin bolt zuwa bolt ɗaya fatar take fara hujewa. Ga amsar shuɗin da kika gani. A bakin waya ma filin ya wuce wannan lissafin, kuma can ne daidai inda jan yake kai su. A megahaz fatar ba ta samun lokacin tara cajin, shi ya sa ya fi sauƙi a kansu.

Ni da zan zaɓa, da turewar zan yi aiki. Ƙwayoyin da aka ture suna taruwa a inda filin ya fi rauni, layi ne su ma, kuma sun fi samun lafiya.

Injiniyan lantarki:
Malama, gaskiyarki a kan fatar. Amma turewa a ruwan reno ba ta raba ta da zafin, kuma ƙarfinta bai kai ba. Ma'aunin da ke nuna bambancin ƙwaya da ruwa yana iya kaiwa +1 a ɓangaren ja, a ɓangaren turewa kuwa ba ya wuce −0.5. Wayoyinta ma duk a ƙasa suke, turewar sama take ɗaga su, sai nauyinsu ya rinjaya kafin su sauka. Wanda zai yi aiki da turewa tun farko yake zana wayoyinsa don haka.

Malamar ilmin ƙwayoyin halitta:
To a nan na sallama maka, tunda gilasan an riga an yi su. Amma ta riƙe agogo.

Ɗalibar bincike:
Allah ya saka da alheri. Na duba, akwai ɗan karkata a siginar kamar yadda Malam mai gyara ya faɗa. Yanzu tambayata ta koma kan abin da Malama ta tayar. In sun jeru a sukuros, ta yaya zan riƙe su a wurin har su manne? Kuma ina tsoron ƙona sauran gilasan wajen gwaji.

Tsohon hannu:
'Yata, ki ajiye fibroblast ɗinki gefe, ki fara da yis, wanda ake kumbura burodi da shi. Da shi aka koyi wannan aikin. Herbert Pohl, wanda ya raɗa wa DEP suna a 1951, da yis ya nuna a 1966 cewa ana iya raba ƙwaya mai rai da matacciya ta wannan hanya. Yis yana jure wahala, faɗinsa wajen maikuromita 5, kuma kina iya kashe rabinsa da ruwan zafi ki gauraya da mai rai. A ruwa maras gishiri sosai, a wajen megahaz, za ki ga masu ran sun yi bakin waya, matattun sun ƙi zuwa, saboda fatarsu ta huje, cikinsu ya zama kamar ruwan waje.

Ki zura ido sosai a sakannin farko. Ƙwaya ɗaya za ta manne a bakin zinaren, wata ta zo ta manne a bayanta, wata a bayan wannan, su miƙe zuwa ɗaya wayar kamar carbi. Wannan jerin shi ne shaidar cewa filinki yana aiki. Yana kuma gaya miki yawan ƙwayoyin da za ki zuba: in sun yi yawa, jerin zai haɗe tazarar duka, layukanki su zama shimfiɗa ɗaya.

Sai ki riƙa sauke firikwensi a hankali har ki kai inda suka saki wayar suka tsaya cak, ba ja ba turewa. Ki rubuta wannan lambar. Kowane irin ƙwaya yana da tasa, kuma tana matsawa da gishirin ruwa. In kin koma kan fibroblast, ita za ki fara nema, sannan ki yi aiki sama da ita da kyau. Ki tuna kuma in faɗin ƙwaya ya ninka sau biyu, jan sau takwas yake ninkuwa, don haka fibroblast zai amsa da bolt ƙasa da wanda yis ya buƙata.

Mai aikin haɗa tsoka a ɗakin gwaji:
A kan riƙewa, hanya biyu ce, kuma sai kin yanke abin da kike son gani.

In kina son su baje a kan gilashi su girma, ki shafe gilashin da fibronectin ko kolajin, furotin ɗin da ƙwaya take mannewa a kansu, tun kafin ki zuba su. Ki jera su, ki rage bolt ba tare da kin kashe ba, sannan ki shigar da ruwan reno a hankali ƙwarai da famfon sirinji, ba da hannu ba. Da gishirin ya fara shigowa jan zai mutu, zafi ya dawo, don haka a nan ne za ki kashe wutar ki bar gilashin ba motsi. Ki sani fibroblast matafiyi ne. Bayan kwana ɗaya ko biyu zai bar layin ya cika filin da ke tsakani, sai in kin shafe tsakanin da abin da ke hana mannewa.

In kuwa tsarin kike so ya dawwama, ki jera su a cikin ruwan jel da bai daskare ba, irin sinadarin PEG mai kamewa da hasken UV (ultraviolet), ki haska shi wutar tana kunne. Ƙungiyar Sangeeta Bhatia ta wallafa wannan a 2006, inda suka tara ƙwayoyin guringuntsi ƙungiya-ƙungiya a cikin jel suka ga tsarin zaman yana canza abin da suke samarwa. A shekarar ce kuma masu bincike a Taiwan suka jera ƙwayoyin hanta suna fita daga tsakiya kamar yadda suke a hantar kanta. Sai dai jel yana da kauri, tafiyar ƙwaya za ta yi nauyi, kuma UV ɗin ma yana da nasa lahanin, ki yi masa gwajin kansa.

Malamar ilmin ƙwayoyin halitta:
Kuma ki ware kaso uku a kowane gwaji: waɗanda ba su bar ruwan reno ba, waɗanda suka shiga sukuros ba a kunna musu wuta ba, da waɗanda aka kunna wa. In ba haka ba, ranar kare aikinki za a tambaye ki wanne ya kashe su, sukarin ko wutar. Trypan blue na nan take ma bai wadatar ba, ki sake duba su washegari.

Ɗalibar bincike:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Bajewa a kan gilashi nake so, don haka fibronectin zan bi. Zan sa kafasitar, in fara da yis a kan gilashin da ya riga ya ɗan cinye. Malam Injiniya, in na kai kan fibroblast, da bolt nawa kake ganin in fara?

Injiniyan lantarki:
Fara da 2, a megahaz 1. Ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, da kin ga sun fara tafiya ki tsaya a nan.