Ƙanena yana karatu ba ya riƙewa: mantuwa ce ko ciwon damuwa?

Babbar Yaya:

Assalamu alaikum. Shawarar masana nake nema a kan ƙanena. Shekararsa 21, yana aji biyu a jami'a. Wata uku ke nan yana kukan mantuwa: sai ya karanta shafi ɗaya sau huɗu, yana rufe handawut ɗin ya nemi layi ɗaya a kansa ya rasa. Sau biyu yana manta ranar tes. Barci ba ya ɗaukarsa sai wajen ƙarfe uku na dare, ya daina fita ƙwallo, abinci sai an matsa masa, duk ya rame. A gida wasu sun ce lalaci ne, wasu sun ce sammu. Shi kuma ya tsorata, wai ƙwaƙwalwarsa ce ta lalace. Saura sati shida jarrabawa. Ta ina za mu fara? Akwai maganin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa da za mu saya masa?

Nas Ɓangaren Ƙwaƙwalwa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Ba a tabbatar da ciwo daga nesa, amma abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon damuwa ƙwarai, kuma mantuwar reshe ce daga cikinsa.

Kafin mutum ya tuna abu, sai abin ya shiga, sannan ya zauna, sannan a iya zaro shi. Ciwon damuwa a ƙofar shiga ya fi tarewa, abin da ya shiga ma yakan wahalar da zaro shi. Idonsa na bin layi, amma zuciyarsa na can tana saƙa da warwara. Abin da bai shiga ba kuwa ba a ce an manta shi ba. Zaman abin kuma a cikin barci yake faruwa, to wanda ke kwanciya ƙarfe uku ya tashi lakcar ƙarfe takwas an cuce shi ta fuska biyu. Ki gwada shi: tambaye shi wani abu da ya karanta jiya, in ya ce ya manta, ki ba shi amsoshi uku ya zaɓa. Galibi mai irin wannan matsalar zai nuna daidai. Wannan kaɗai yakan kwantar musu da hankali, domin sun ga abin yana ciki.

Alamomin da likita zai bincika guda tara ne: ƙuncin rai kusan kullum, daina jin daɗin abin da aka saba so, canjin barci, canjin cin abinci ko nauyi, kasala, sanyin jiki ko rashin natsuwa da har wasu ke lura, ganin kai ba a bakin komai ba ko yawan zargin kai, kasa tattara hankali, da tunanin mutuwa. In biyar sun haɗu na tsawon sati biyu, kuma ɗaya daga cikin biyun farko na ciki, ana kiransa ciwon damuwa. A lissafina kin riga kin ambaci huɗu. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimilla 27. Daga 10 zuwa sama ana son a ga likita, daga 20 kuwa ya yi tsanani.

Ku fara da asibitin makaranta cikin satin nan, kada a jira hutu. Ku roƙi a duba yawan jininsa, sukari, maleriya, da aikin maƙoƙo, wato gwajin TSH, domin ƙarancin jini da raunin maƙoƙo suna kawo kasala da mantuwa iri ɗaya sak. In akwai hali a haɗa da bitamin B12. In ana bukatar ƙwararre za su tura shi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, ko asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri.

Abu ɗaya kuma kada ki ji nauyinsa. Ki zauna da shi ku biyu ki tambaye shi kai tsaye: "Ka taɓa jin gara ka mutu? Ka taɓa tunanin yi wa kanka illa?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce e, musamman in ya tsara yadda zai yi, ranar za a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga ɗakin. Haka nan in mantuwar ta zo da farfaɗiya, ciwon kai mai tsanani da amai, raunin ɓari ɗaya, ɓacewa a hanyar da ya sani, ko ta biyo bayan buguwa a kai, wannan wata magana ce daban, gaggawa ce.

Mai Haɗa Magunguna:

Hajiya, kuɗinki ki riƙe. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana ƙara wa matashi mai shekara 21 kaifin ƙwaƙwalwa. Bitamin yana amfani ne ga wanda gwaji ya nuna ya rasa shi.

Ni abin da yake sha yanzu ya fi damuna. A buɗe lokarsa a gani, cikin lalama ba da faɗa ba. Mai rashin barci yakan je kemis ya karɓi Piriton ko diazepam, wanda yara ke kira D5. Dukansu suna dusashe riƙo, diazepam ma hana sabon abu zama yake yi, ga kama jiki. Haka kayan maye irin su Exol, Roche, tramadol, wiwi, da sirof mai kodin, wanda gwamnati ta hana haɗawa da shigo da shi tun 2018 amma bai ɓace ba. Ba zarginsa nake yi ba. A hostal aboki ne zai miƙo maka da sunan taimako. In ya daɗe yana shan diazepam kullum, kada ya yanke rana ɗaya, yana iya jawo jijjiga. Likita ne zai rage masa a hankali.

Sai kofi, goro da lemukan ƙara kuzari. Sinadarin da ke cikinsu yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha Nescafe ƙarfe takwas na dare, ƙarfe ɗaya rabi na nan yana aiki. Bayan Azahar a rufe wannan babin.

In likita ya ga a ba da magani, yawanci fluoxetine ne, 20mg da safe, ko sertraline 50mg. Ga inda mutane ke tuntuɓe. Satin farko da na biyu illar ce ke fara zuwa: tashin zuciya, ciwon kai, ɗan rashin natsuwa. Amfanin sai sati biyu zuwa huɗu, cikarsa sati shida ko fiye. Sai mutum ya sha kwana goma, ya ce bai ga komai ba, ya watsar. Wani kuma ya ji sauƙi a wata na biyu ya daina, ciwon ya dawo. Ƙa'ida a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware, sannan a sauka a hankali. Tunda bai kai 25 ba, a sa masa ido sosai a makonnin farko, don a wannan shekarun wasu tunanin cutar da kai yakan ƙaru kafin maganin ya zauna. A koma wurin likita bayan sati ɗaya ko biyu. Kada a haɗa shi da tramadol ko kusa, haɗin na iya kawo jijjiga da zazzaɓi mai haɗari. A kuma gaya wa likita in ya taɓa yin kwanaki ba barci amma yana cike da kuzari, surutu da kashe kuɗi barkatai, domin wannan wani ciwon ne, maganinsa daban.

Amitriptyline ya fi arha kuma yana sa barci, shi ya sa ake yawan rubuta shi. Ga ɗalibi mai kukan mantuwa ni ba na son sa: yana busar da baki, yana sa nauyin kai da safe, yana iya ƙara mantuwar, kuma in aka sha da yawa yana taɓa zuciya. In shi aka ba shi, wani ya riƙe, a riƙa ba shi na sati-sati.

Malamin Jami'a:

Masana lafiya sun gama nasu, bari in taɓo na makaranta, don nan ake asarar da ba ta gyaruwa.

Takarda tukuna. Rahoton likita da aka kawo bayan an manna sakamako kusan ba ya aiki. Yanzu, kafin jarrabawa, ya sami kodinetan ajinsu da jami'in jarrabawa na sashe. In rahoton daga asibitin waje ne, a yawancin jami'o'i sai asibitin makaranta ya sa hannu. Ya rubuta wasiƙa ta hannun shugaban sashe, ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa a ɗaya ya ajiye. Ba sai ya bayyana wa kowa sunan ciwon ba, "dalilin rashin lafiya" ya isa a wasiƙar. Ya duba littafin dokokin ɗalibai a kan jingine zango da sake tes ɗin da ya rasa, don kowace makaranta da nata tsarin. Ku ga lissafin: mai yunit 18, in ya sami C (maki 3 a kowane yunit) a yunit 12, ya faɗi kwas biyu masu yunit uku-uku, makinsa 36 a raba 18, wato 2.00 maimakon 3.00, ga kari-oba biyu a wuya. Rashin shiga jarrabawa ba izini F ake rubutawa. Jingine zango ba abin kunya ba ne, amma ban ce a yi gaggawarsa ba. Zaman gida ba aikin yi shi ma yana ƙara ciwon. A bar likita ya gan shi tukuna.

Karatun kuma, maimaita karanta shafi sau huɗu shi ne mafi raunin hanya, ko ga mai lafiya. Ido ya saba da shafin sai mutum ya zaci ya iya. Ku dubi almajiri: ba ya wanke allo sai ya kifa shi ya kawo da ka, kuma kullum da asuba yana tilawar na baya. Wani masani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya auna yadda mantuwa ke aukuwa tun 1885, ya ga mafi yawan zubewar a ranar farko take, kuma kowane bita yana rage ta. To ya yi haka: shafi biyu kacal, minti 25, waya a wani ɗaki. Ya rufe handawut, ya ɗauki farar takarda ya rubuta duk abin da ya tuna, ko layi uku ne. Ya buɗe, ya cike giɓin da jan biro. Hutun minti biyar a tsaye. Jan biron nan shi zai sake gwada kansa a kai washegari, sai rana ta 3, ta 7, ta 14. Ya rubuta ranakun a saman takardar don kada ya dogara da kansa.

Satin farko zama biyu a rana ya isa, bayan Asuba, lokacin da hostal ya yi tsit. In da safe jikin ya fi nauyi, kamar yadda yake ga masu wannan ciwon da yawa, a mayar bayan La'asar. Ya ƙara zama ɗaya duk sati. Wanda ya tsara wa kansa awa takwas zai karye ran Talata, ya ƙara tsanar kansa. Ya fara da kwasa-kwasai masu yunit uku, ya nemi tambayoyin shekaru uku zuwa biyar da suka wuce. Kwanan aji har asuba, TDB ɗin nan da suke alfahari da shi, a wurinsa haramun ne.

Mantuwar tes kuwa maganinta ƙaramin littafi ɗaya a aljihu, ba takardu bakwai ba. Duk abin da aka sanar ya rubuta nan take, ya sa ƙararrawa biyu a waya, ta jajibiri da ta awa biyu kafin lokaci. A kuma sami abokin aji ɗaya mai amana da zai riƙa biyo masa.

Babbar Yaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi masa maganar asibiti, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Baba kuma ya ce ruƙiyya za a fara.

Nas Ɓangaren Ƙwaƙwalwa:

Kada ki ja da Baba, Hajiya. A yi addu'a a yi ruƙiyya, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Sharaɗi uku kawai: ba duka, ba hayaƙin da zai shaƙe shi, kuma ba wanda zai ce ya ajiye maganin likita. Duk jiƙon da aka ba shi a nuna wa likita. A kuma guji ce masa raunin imani ne, domin zargin kai na cikin ciwon, ƙara masa itace ne a wuta.

Shi kuma kada ki ambaci Dawanau. Ki ce za a je a duba jini da rashin barci, kuma gaskiya ne, da nan za a fara. Ki raka shi, ki riƙe takarda da kika rubuta yaushe abin ya fara, awa nawa yake barci, da duk abin da yake sha, don a gaban likita zai ce "lafiya lau". Ku tambaya ko makarantar na da sashen ba da shawara. Zaman tattaunawa da ƙwararre, sau ɗaya a sati na wasu makonni, magani ne mai zaman kansa, a mataki mai sauƙi ma yakan wadatar ba ƙwaya.

Kafin ranar, ya tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum ko da bai yi barcin kirki ba, barcin rana kada ya wuce minti 30. In ya kwanta minti 20 barci bai zo ba, ya tashi ya zauna ba waya har sai ya ji shi. Tafiyar minti 30 bayan La'asar, kwana biyar a sati. Kada ki jira ya ji sha'awar ƙwallo, sha'awar a bayan motsi take dawowa. Abokinsa ya ja shi filin ko a bakin layi zai zauna. In kin kira shi kuma ki bar "ya jiki?", ki ce "me ka ci yau, ƙarfe nawa ka tashi?"