Ina zan samu tatsuniyoyin Edgar da za su buɗu a salula?

Salama alaikum ƴan uwa. Daga Tahoua nake, kuma mako biyu ke nan ina fama da abu guda. Ina son tsofaffin tatsuniyoyi da zan riƙa karanta wa yarana da dare. Na Perrault, marubucin Faransa, na 1697 ban sha wahala ba, suna shafin intanet na Wikisource da Faransanci, sai dai ƙaramar tawa ba ta shiga lakkwal ba tukuna, ita Gizo da Ƙoƙi take so, da Hausa.

Sai na nemi Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya fara fitarwa a 1911. Na same shi a wani shafi, amma hoton takardu ne aka haɗa cikin PDF mai nauyi. Sau uku ina saukewa, rezo na yankewa a tsakiya, mega na jikka guda ya tafi a banza. Da na samu wifi ya sauka, salular ta ƙi buɗe shi, allo fari kawai. Na gwada zaɓin rubutu zalla, kalmomin duk sun cakuɗe, ko layi ɗaya ban iya karantawa ba.

Don Allah, akwai inda aka sake buga tatsuniyoyin nan da rubutun boko na yanzu, marar nauyi, da ƙaramar Android za ta buɗe?