"Gani ya kori ji" ko "kama da wane ba ta wane"? Gardama kan fuskar duniyar Mars

Ɗan Tudun Wada, Gusau: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan isha'i ƙanena ya miƙo mini waya, wai in kalli hoton duniyar Mars. Ga fuska nan kwance a ƙasa, ido, hanci, baki, kamar an sassaƙa. Ya ce wasu halittu ne suka gina ta, Turawa na rufa-rufa. Na ce ban yarda ba, sai ya ce, "To Yaya, ai gani ya kori ji." Nan bakina ya mutu. Don Allah karin maganar nan ta zauna a wurin nan kuwa?

Malamin Sakandare, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Hoton nan ya girmi ƙanenka, wataƙila har da kai. Kumbon Viking 1 na hukumar NASA ta Amurka ne ya ɗauke shi ran 25 ga Yuli, 1976, a wani yanki da ake kira Sidoniya. Ba a kuma ɓoye shi ba, su da kansu suka raba wa 'yan jarida, suka ce tudu ne inuwa ta ba shi kamannin kai. Tsawon tudun wajen kilomita biyu. Rana ta yi ƙasa a lokacin, irin la'asar sakaliya, inuwa ta miƙe ta cinye rabinsa. Baƙin ɗigon da ya zama ƙofar hanci kuwa ba a ƙasar yake ba, wani ɓangare ne na saƙon da ya salwanta a hanya. Duba da kyau, hoton cike yake da irinsa kamar kashin ƙuda. Ni "kama da wane ba ta wane" zan ba shi.

Masunci, Argungu: Malam, ni hwa ban ga laihin yaron ga ba. Abin da idonai ya gani shi ya hwaɗi. In munka ce gani bai kori ji ba, mi za ya kore shi?

Tsohon Alƙali, Ƙauran Namoda: Ɗana, ganin da magabata ke nufi shi ne ka taka da ƙafarka ka je. An ce maka kasuwar Jega ta cika, ka je ka tarar, to nan gani ya kori ji. Hoto kuwa ɗan aike ne. Na'ura ta hango daga sama, ta aiko, wani ya gyara haske, wani ya yanko wurin da yake so, ya turo wa ƙanen wannan bawan Allah. Wannan ai ji ne ya sa rigar gani. Da a gabana aka kawo shi shaida, sai na tambayi inda mai shaidar ya tsaya da yadda hasken yake. Wadda ta dace ita ce "hangen Dala ba shiga birni ba".

Masunci, Argungu: Allah gafarta Malam, wannan ta Kanawa ta kuma ai ga mai gaggawar murna aka hwaɗinta, wanda ya hangi abu ya ɗauka ya samu.

Tsohon Alƙali: Wanda ya hangi tudu ya ce ya gano maƙwabta a sama, ba gaggawar murna ya yi ba?

Malamin Sakandare: Kuma an matsa kusa da birnin daga baya. Wani kumbo, Mars Global Surveyor, ya sake ɗaukar wurin a Afrilun 1998, ya ƙara a Afrilun 2001. A hoton Viking kowane ɗigo guda yana wakiltar ƙasa wajen mita 50, wato gida sukutum zai iya ɓacewa a cikinsa. A na 2001 bai kai mita biyu ba. Babu ido, babu baki, sai tudu mai zaizaye da tsage-tsage. Sai in ce gani ne ya kori gani.

Hajiya Mai Atamfa, Zuru: Ku maza kun cika nisa. Kallon kitse aka yi wa rogo, shi ke nan. Ni da kaina ranar da aka ɗauke wuta na shiga ɗaki na ga ƙato tsaye bayan ƙyaure, na kurma ihu har maƙwabta suka fito da taɓare. Ashe babbar rigar maigida ce a rataye, hula a kan ƙusa. Har yau yarana ba su bar ni na huta ba.

Masunci: Hajiya kin tuna min. Da asuba bisa ruwa, kututture kan zame min kada sarai, har da idanu. Amma gara hakan. Wanda ya ɗauki kada kututture ba shi dawowa ya ba da labari.

Malamin Sakandare: Ka faɗi dalilin da kanka, Baba. Ƙwaƙwalwa na saurin haɗa ɗigo biyu da layi ɗaya ta ce fuska ce, ko a gajimare, ko a ƙanzon tukunya, ko a gaban mota. Masana na kiran abin fareidoliya.

Ɗan Kwatarkwashi: Duk na ji, amma ruwa ba ya tsami banza. Ƙofar da aka gani a wani hoton Mars fa? Da ƙarfen nan mai ƙyalli? Biri fa ya yi kama da mutum.

Malamin Sakandare: Ƙofar, motar bincike Curiosity ce ta ɗauke ta a Mayun 2022. Tsagar dutse ce, tsayinta wajen santimita 30, ko kamu ɗaya ba ta kai ba. Babu wani abu a gefenta da za a gwada girmanta da shi, shi ya sa ta yi kama da ƙofar zaure. Mai ƙyallin kuwa gaskiyarka, ƙerarre ne. Wata motar binciken, Perseverance, ta ci karo da shi a Yunin 2022, sai dai yankin mayafin kare zafi ne daga na'urar da ta sauke ta a 2021. Tarkacen 'yan Adam ne. Masu binciken ma neman alamun rai suke yi, amma na ƙananan ƙwayoyin halitta, a cikin duwatsun tsohon tafkin Jezero. Kai da kake kwana gindin dutse, ba ka taɓa ganin ya sauya kama da magariba ba?

Ɗan Kwatarkwashi: Kullum ma. Wani gefen har raƙumi a gurfane nake gani.

Tsohon Alƙali: Ka kuma kula da birinka. Ana faɗinta ne in zargi ya fara samun ƙafafu. A nan ko ƙafafun aka sare.

Ɗan Tudun Wada: Na gode. Na nemo hoton 2001 na nuna masa yanzu muna karyawa. Ya daɗe yana kallo, ya ja shi da yatsu, ya juya wayar. Sai ya ce ai goge fuskar suka yi. Na karanta masa maganar Baba Alƙali, ya yi dariya ya ce shi ma wannan hoton ai ɗan aike ne. Malam, yanzu kuma ya turo mini wani, wai cokali ne a kan yashi.