Wai tattara log ɓata lokaci ne, kashe Defender ya fi sauri?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai al'adar masu kula da manhajar tsaro ta ishe ni. Kwamfuta ta yi nauyi, MsMpEng.exe, injin binciken Defender, antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, ya riƙe CPU ya ƙi saki, ka kai kuka, amsar farko ita ce "turo log", wato fayil ɗin da manhaja ke rubuta abin da ta yi a ciki. An tura, sai a ce ba a ga komai ba, a sake turowa. Tsakani da Allah ja wa mutum rai ne kawai. Ka kashe Defender na minti biyar, in nauyin ya tafi ka san shi ne, ka cire foldar daga bincike, shi ke nan. Mai ja ya fito.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, me kake nufi da "kashe"? Maɓallin Real-time protection da kake murɗawa a Windows Security dakatar da sa ido ne na ɗan lokaci, kuma da kansa yake komawa. Buɗe Command Prompt da ikon admin ka rubuta fltmc filters, za ka tarar da WdFilter, direban Defender, zaune daram a matsayi 328010 cikin jerin direbobi. Direban da ke tsakanin manhaja da faifai yana nan, to me ka kashe?

Ɗan Birni: Kashewa kashewa ce, Injiniya. Kada ka mayar da mu aji.

Mai Kebul: A'a, yana da gaskiya. A kwamfutar ofis ma ta fi muni. In Tamper Protection, kariyar da ke hana a taɓa saitin Defender, na kunne, ka buga Set-MpPreference -DisableRealtimeMonitoring $true a PowerShell, babu abin da zai canja. Mutum ya tafi da yaƙinin ya kashe, nauyi bai tafi ba, ya wanke Defender ya koma zargin RAM. Ka buga Get-MpComputerStatus ka duba layi uku kafin ka yi rantsuwa: RealTimeProtectionEnabled, IsTamperProtected da AMRunningMode.

Anti Mai Sabar: Ko dakatarwar ta kama, antibairos kaɗai ka taɓa. Inda aka haɗa na'ura da Defender for Endpoint, tsarin sa ido na kamfanoni, akwai MsSense.exe, shi aikinsa daban, yana ci gaba da tura rahoto. Ga dokokin ASR masu toshe hanyoyin da bairos ke bi, ga Controlled folder access mai kare foldoji, kowa da ƙofarsa.

Ɗan Birni: To a ce "dakatar". Na janye kalmar. Mu koma batun log.

Baban Linux: Ba ka isa janyewa ba. Abin da ba ka iya kashewa a kwamfutar da ka saya da kuɗinka, kai ne haya a ciki. A wajenmu na Linux umarni ɗaya ne, systemctl stop, magana ta mutu.

Mai Kebul: An fara. Kowace magana sai an shigo da Linux. Ɓarawon da ya samu ikon root, wato admin na Linux, shi ma systemctl stop ɗin zai buga, Yallaɓai. Dalilin Tamper Protection ke nan.

Baban Linux: Kowa ya san wa aka fi shiga wa gida.

Injiniya: Ku bar wannan. Ɗan Birni, abin da ya sa ake ce maka sake turowa, yawanci an tattara log ɗin ne bayan matsalar ta wuce, ko an sake kunna kwamfuta tukuna. Ga yadda ake yi in nauyi ne matsalar. Buɗe PowerShell da ikon admin, rubuta New-MpPerformanceRecording -RecordTo C:\Temp\nauyi.etl, ka tabbata foldar tana nan. Yana cikin naɗa sai ka maimaita ainihin abin da ke sa nauyin, ko buɗe manhajar lissafi ne ko kwafe fayiloli, minti ɗaya zuwa biyu sun wadatar, ka danna Enter. Sannan Get-MpPerformanceReport -Path C:\Temp\nauyi.etl -TopFiles 10 -TopProcesses 10 -TopExtensions 10. Zai jero maka fayil goma da suka fi cin lokacin bincike, da manhajar da ke taɓa su. Bai kai minti biyar ɗin naka ba, kuma kashewa ba ta gaya maka wane fayil ne.

Anti Mai Sabar: Na turawa kuma, shiga C:\Program Files\Windows Defender ka buga MpCmdRun.exe -GetFiles. Zai ɗan ɗauki lokaci, ya ajiye MpSupportFiles.cab a C:\ProgramData\Microsoft\Windows Defender\Support. ProgramData ɓoyayyiya ce, shi ya sa wasu ke cewa bai fito ba. A foldar nan akwai MPLog, buɗe shi ka nemi EstimatedImpact, za ka ga sunan manhaja da kason nauyinta. Don Allah ku riƙa rubuta ƙarfe nawa matsalar ta faru, har da minti. Log babu lokaci kamar a turo ka Kurmi neman wani Malam Sani ne.

Ɗan Birni: Anti, duk wannan dogon turancin ai ƙarshensa cire folda ne. Ni na yanke hanya.

Mai Kebul: Ka yanke ta cikin rami. Wanda bai duba rahoto ba shi ne ke cire C:\Users gaba ɗaya, ko Downloads, ko Temp, wato inda bairos ke fara sauka. Kuma mutane na rikita saitin cirewa guda biyu, ExclusionPath da ExclusionProcess. Na biyun fayilolin da manhajar ta buɗe yake yafewa, ba fayil ɗin manhajar kanta ba. In kuma dokar ASR ce ta toshe, a Event Viewer za ka gani, ƙarƙashin Windows Defender, Operational: 1121 toshewar ASR, 1123 na folda mai kariya, 1116 an ga bairos, 1117 an ɗauki mataki, 5007 an canja saiti.

Baban Linux: Duk log ɗinku bai hana 19 ga Yuli 2024 ba. Kwamfuta miliyan 8.5 suka faɗi rana ɗaya.

Anti Mai Sabar: Wannan manhajar tsaron kamfanin CrowdStrike ce, Malam, ba Defender ba. Sabuntawar wani fayil nasu ce mai suna Channel File 291.

Baban Linux: A kan Windows dai.

Injiniya: Kuma hujja ce a kanka. Da me aka ga csagent.sys, direban CrowdStrike, ne ke faɗuwa? Da dump, wato fayil ɗin da Windows ke ajiyewa in ta faɗi da shuɗin allo. Maganin kuma ba kashewa ba ne, shiga Safe Mode aka yi ana goge C-00000291*.sys, masu BitLocker, mai kulle faifai, suna neman makulli.

Baban Linux: Dump ba log ba ne. Kuma gogewa ai ta fi kashewa, ashe Ɗan Birni ke da gaskiya.

Ɗan Birni: Allah Ya saka, Baba. Na faɗa muku.

Mai Kebul: Fayil ɗaya aka goge, wanda aka san sunansa. A ina aka samo sunan?

Ƙaramin Ciki: Yayyena, tambaya. An ce in ɗauko naɗin Procmon, manhajar da ke naɗe duk motsin kwamfuta, fayil ɗin ya haura gigabait biyu, datata ba za ta kai ba.

Injiniya: Ka bar shi yana naɗa da yawa, ƙanena. Ctrl+E ka tsayar, Ctrl+X ka share, ka shirya komai, ka kunna, ka maimaita matsalar, ka tsayar nan take. Ka matse PML ɗin, wato fayil ɗin da Procmon ya adana, da zip, yana raguwa sosai. Kada ka tace kafin ka adana, abin da ka zubar wataƙila shi ake nema. In direban tsaro ake zargi, Procmon a matsayi 385200 yake zama, sama da WdFilter, sai an saukar da shi ƙasa zai ga abin da direban ke yi.

Anti Mai Sabar: Kada ka kuskura ka saka shi a wannan zaure. Akwai sunan mai amfani, sunayen fayiloli, da umarnin da aka buga, wani lokaci har kalmar sirri a ciki.

Mai Zaure: To jama'a, a taƙaice an yi ittifaƙi cewa ba a iya kashe Defender cikin sauƙi, wanda alama ce ta ƙarfinsa, kuma abin da ya faru a 2024 ya nuna illar kwaso manhajar tsaro daga waje alhali ga ta gida. Baban Linux bai kawo hujja ba. Ɗan Birni ya janye maganarsa. An rufe.

Ɗan Birni: Kalma ɗaya na janye, Mai Zaure, ba magana ba.

Ƙaramin Ciki: Na matse, ya dawo megabait 180. Imel ya ƙi ɗauka, ta ina ake turawa?